Mayafin Leibe

Bulawayo,
16 ga Satumba, 1984

Gwaggo Beryl,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kuma kumburin ƙafar kakana Zeida ya sauka. Ki ce masa ya daina ɓoye ƙwayoyin magani a aljihun riga, na gan shi da idona. Ni na iso makaranta lafiya. Baba da Mama sun rubuto daga Perth, sun sami gida, wai har sun ware mini ɗaki, sai na gama jarrabawa in bi su.

Ga halin da na tarar. Mu tara muka rage a Ƙungiyar Ɗalibai Yahudawa, cikin yara ɗari shida. Bara mu goma sha bakwai ne, amma kowane hutu sai a dawo a tarar iyayen wani sun kwashe shi sun bar ƙasar. Shugaban makaranta ya ce duk ƙungiyar da ba ta kai mutum goma sha biyar ba a ƙarshen shekara, a bakin ɗakinta, za a mayar da shi wurin ajiyar ƙwallaye. Ranar ɗaya ga Nuwamba kowace ƙungiya za ta baje kolinta a babban zaure, a nan za mu nemi mutane. Ba sai Bayahude ba, kowa ya shigo muna so. Ƙawata Sihle ta riga ta rubuta suna, ta ce ita burodin Asabar mai kitso ne ya ja ta, ba addinin kowa ba.

Shugaban ƙungiyar tamu Selwyn ne, ɗan mai kula da majami'a. Ya ce mu yi waƙa da rawa. Na ce, “Selwyn, in aka ji muryarka, taran ma za su koma shida.” Muka tsaya a kan kowa ya kawo wani tsohon abu daga gida, mu jera a tebur, mu ba da labarinsa.

Kin tuna na same ki a shago na tambaye ki ko in ɗauki kaya a akwatin ƙarfen nan na ɗakin ajiya, kika ce in kwashe har da ɓerayen? To, ɓerayen na bar miki. Na ɗauko alkukin tagulla biyu na ɗora kyandir da wani abu guda da ba zan faɗa ba tukuna, so nake in ba Zeida mamaki.

Allah ya kai mu sabuwar shekararmu ta Yahudawa lafiya. Ki ɗiga zuma a tuffa ki ci nawa.

Taki,
Dalya

Livingstone,
7 ga Oktoba, 1984

Dalya,

Ina gaishe ki. Ni ƙalau nake, kakanki kuwa yana kwance, don haka ba zan ja gaisuwa ba.

Sau uku na nemi wayar ɗakin kwananku, ba abin da nake ji sai ƙugi. Ki amsa mini tambaya ɗaya: abin da kika ce ba za ki faɗa ba, mayafin addu'a ne, talis, wanda ke ƙasan akwatin cikin rigar matashi?

Kin san kowace shekara, kafin rana ta faɗi a jajiberin Yom Kippur, babban azuminmu, Baba yakan shiga ɗakin ajiya ya rufe ƙofa ya kunna kyandir. Ba ki taɓa tambayar me yake yi ba, ni ma da shekaruna hamsin da ɗaya ban taɓa tambaya ba. Abin da na sani kawai, tun muna yara ni da babanki an hana mu taɓa mayafin nan. Shekaranjiya ya shiga, bai yi minti biyu ba ya fito da rigar matashin a hannu, babu komai ciki. Bai yi faɗa ba. Da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, “Beryl, ina yake?”

Na ce na ga asu ne na ba da shi a shanya, za a dawo da shi. Ƙarya a bakin babban azumi, ni da furfurata. Ya dube ni ya ce, “Asu,” ya wuce.

Likita ya hana shi azumi bana, amma ya ƙi ko ruwa cikin wannan zafin. Jiya da la'asar ya faɗi a tsakar ɗaki. Likita ya ce zuciya ce, kuma bai yi mini dariyar nan tasa ba da ya zo fita.

Na sake ɗauko wasiƙarki na karanta. Ran nan na wuce layin nan a guje, na ɗauka wani tsohon hoto kike nufi. Kuma ni na ce ki kwashe, ina auna wa mutane sukari, ban ɗaga kai na dube ki ba. Nawa laifin na sani, ba sai an tuna mini ba. Amma ke ma ba jaririya ba ce. Abin da aka naɗe aka sa can ƙasan akwati, ai ba don a manta da shi aka naɗe ba.

Ki dawo da shi yadda kika ɗauke shi. Kada a wanke, kada a goge, kada allura ta taɓa shi. Ƙungiyar taku ta baje burodi, ai kin ce shi ke jan mutane.

Kullum da safe sai ya tambaye ni ko an kawo. Bai ambaci sunanki ba ko sau ɗaya.

Gwaggonki,
Beryl

Bulawayo,
7 ga Oktoba, 1984

Gwaggo,

Ina fata kun sha ruwa lafiya jiya, kuma Zeida ya ji maganar likita. Ni na kai azumina har faɗuwar rana, kaina kamar ya rabe biyu. Na ji ki shiru, na ce hidimar bukukuwa ce ta riƙe ki.

Cikina ba ya riƙe asiri, ga shi nan. Wani tsohon talis na samu a ƙasan akwatin, na ulu, ya yi rawaya don tsufa, da baƙaƙen layuka, da adon azurfa a wuya. Gwaggo, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Da na warware shi a ɗakin ƙungiya kowa ya matso. Malama Lazarus da ke kula da mu sai da ta cire tabarau ta goge.

Aibinsa ɗaya. Tuntayen kusurwa uku lafiya suke, na huɗu kuwa ya gutsure daga gindin ƙulli, ko ɓera ko asu. Selwyn ya ce da tuntu uku ba a addu'a da shi, ƙyalle ne kawai. Na ce shi ya sa Zeida ya jefar da shi a akwati, ga shi a Livingstone ba inda zai sami zaren. Selwyn ya gaya wa babansa akwai mayafin da tuntunsa ya lalace, ya ba shi sabon zare. Ran Laraba muka zauna mu duka, shi yana naɗawa muna ƙirga masa da ƙarfi, bakwai, takwas, goma sha ɗaya, goma sha uku. Sihle tana ƙirga nata da yarensu na Ndebele, ta rikita shi, ya ce, “Ke, za ki sa in ɗaura wa kakan mutane igiyar shanya.” Ta ce, “In ƙirga ya gagare ka ba ni, mu da kitso muka tashi.” Sau biyu ya kwance ya sake, na ukun ya zauna daram.

Guntun tsohon ƙullin ba mu yar ba. Selwyn ya kai shi majami'a ya sa cikin akwatin tsofaffin littattafai masu tsarki, aka binne tare da su ran Alhamis, kamar yadda ya dace.

Mutum uku sun shiga ƙungiya saboda zaman nan kaɗai, yanzu mu goma sha uku ne. Mayafin zai zauna a tsakiyar teburinmu ranar baje koli, a Disamba kuma in kawo wa Zeida abinsa ya yafa ya yi addu'a. Don Allah kada ki faɗa masa, ina so in ga fuskarsa.

Taki,
Dalya

Livingstone,
15 ga Oktoba, 1984

Dalya,

Ina gaishe ki. Jikin Baba da sauƙi ba sauƙi, yana shan romo cokali uku ya ture.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Taki ta same ni a shago, na karanta, na nemi buhun masara na zauna a kai. Garin neman gira an rasa ido. Na rufe shagon da rana tsaka, na je na zauna a bakin gadonsa, na yi tambayar da ya kamata in yi tun kusan shekara arba'in da suka wuce. Na ce, “Baba, me ya cinye tuntun mayafin nan?”

Ya ce, “Ba abin da ya ci shi. Ni na yanke, da almakashin uwarki.”

Mayafin ba nasa ba ne, na wansa ne, Leibe. Kin san Baba ya taso daga Lithuania a 1929 shi kaɗai. Abin da ba mu sani ba, Leibe ya shirya biyo shi da iyalinsa. Ya fara aiko da akwatin kaya, da alkukan matarsa da mayafinsa na bukukuwa, shi zai zo daga baya da na yau da kullum a kafaɗa. Akwati ya iso, aka rufe ƙofar shigowa ƙasar nan, takardar izini ta gagara. Baba ya yi shekara goma yana rubuta roƙo. A 1941 aka kwashe Yahudawan garinsu aka kai su daji bakin rami aka kashe su. Leibe, da matarsa Chaya, da 'ya'yansu uku, Dovid da Rivka da Hirsh. Sai 1946 wani da ya tsira ya rubuto wa Baba.

Ke mace ce, ni ma haka, ba mu taɓa shiga inda ake shirya gawar namiji ba. Ga yadda ake yi: ana naɗe mamaci a mayafinsa, amma sai an yanke tuntu ɗaya, alamar an sauke masa nauyin umarnin Ubangiji, ya huta. Leibe ba gawa, ba kabari, ba dutse. Ran da wasiƙar nan ta zo, Baba ya shiga ɗakin ajiya ya yanke tuntun, ya naɗe mayafin ya kwantar da shi a akwati. Jana'izar da ya iya yi wa ɗan'uwansa ke nan. Akwatin nan kabari ne, Dalya. Ziyara yake kaiwa kowace shekara, ni kuma na ce ki kwashe har da ɓeraye.

Ya kama hannuna ya ce, “A cikinsa za ku binne ni, an riga an yanke, ba ku da aiki. Mu biyu za mu kwanta. Ki gaya wa masu shanyar nan su hanzarta.” Ya san ƙarya na yi, yana ba ni hanya ne in gyara.

Likita ya ce makonni ne, ba watanni ba. Ban gaya masa abin da kuka yi ba, kuma ban san bakin da zan faɗa da shi ba. Haushinki nake ji, nake jin na Selwyn da ƙirgensa, nake jin na babanki da yake can yana zaɓen labule, amma nawa ya fi. Gidan da ba a tambaya, ai dole yara su yi gyara inda ba ɓaraka.

Beryl

Bulawayo,
22 ga Oktoba, 1984

Gwaggo,

Ina gaishe ki, yaya jikin Zeida? Ki faɗa mini gaskiya, kada ki rage.

Wasiƙunki biyu yau suka zo tare, ta farkon ta yi mako biyu a hanya. Duk kwanakin nan ina ta yanka kwali ina rubuta bayanin mayafi, shi yana kwance saboda ni. Na karanta su a bayan ɗakin gwaje-gwaje, ban shiga darasin rana ba.

Kin ce bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya. Na gane. Mutumin da ko tari na yi sai ya ce “Dalyale, zo nan,” yanzu sunana ya fi ƙarfin bakinsa. Ban ga laifinsa ba, amma ina jin tsoro ya tafi a haka.

Na ari almakashi a ɗakin ɗinki, na ce in yanke sabon tuntun ya koma yadda yake. Har na kama kusurwar, Selwyn ya shigo ya riƙe mini hannu. Na ba shi wasiƙarki ya karanta. Ya ce, “Ba a yanke wa mai rai. Kakanki na kwance yana numfashi, ke jikarsa ki yanke masa tuntu? Kin yi masa jana'iza ke nan.” Na ce to mu kwance ƙullin. Ya ce sai kusurwa ta zauna fayau, guntun da Zeida ya bari kuwa yana ƙarƙashin ƙasa, kallo ɗaya zai yi ya gane. In na aiko shi haka, na tone kabari. In na yanke, na kira mutuwa. Gaba kura, baya sayaki.

Sai kuma Selwyn ya ce tunda aikin gama ya gama, a bar shi har ranar baje koli, kwana goma ne kawai, ai saboda shi mutane suka yi alkawarin zuwa. Na ce, “Kakana ba shi da kwana goman da zai ara maka.” Ya ce to in ɗakin ya tafi ni na kashe ƙungiya. Tun ɗazu ba ma magana.

Mayafin yana cikin akwatina, na sa kwaɗo. Ki faɗa mini abin da zan yi.

Dalya

TELEGIRAM
LIVINGSTONE 29 OKTOBA
KADA KI YANKE KADA KI KWANCE MIƘA SHI GA SIBANDA MAI DUBA TIKITIN JIRGIN ƘASA YADDA YAKE ZAN KARƁA A TASHA BABA BAI SAN KE KIKA ƊAUKA BA SHI YA SA BAI KIRA SUNANKI BA WAWUYA BERYL

Bulawayo,
30 ga Oktoba, 1984

Zeida,

Dalya ce ke gaishe ka, da fatan Allah ya ɗaga ka. Na roƙi Gwaggo ta karanta maka wannan duka, kada ta tsallake ko layi ɗaya. Na san halinta, in ta tsaya tana gyara murya, to tana tsallake wani abu ne, ka sa ta koma.

Ba asu, ba shanya. Ni na ɗauki mayafin, ranar da zan dawo makaranta. Gwaggo ta rufa mini asiri, kuma da na yi shiru da ta ci gaba da rufawa, amma ba na so ka riƙe ta da abin da na yi.

Akwai wanda ya fi wannan. In ka warware za ka ga sabon tuntu fari a kusurwa ta huɗu. Mu muka ɗaura, ni da 'yan ƙungiyarmu. Na ɗauka ɓera ne ya ci, na ce in gyara maka ka yi murna. Guntun da ka bari an binne shi da littattafai masu tsarki, ba zan iya dawo da shi ba. Ban san da Leibe ba, Zeida. Ban taɓa jin sunansa ba sai makon jiya. Ba don in wanke kaina nake faɗa ba, na sani da na tambaye ka da ba a kai nan ba.

Jibi ne baje kolin. Teburin da aka tanada don mayafin ba zan sa komai a madadinsa ba. Zan shimfiɗa farin ƙyalle, in kunna kyandir, in rubuta sunayensu su biyar. Ban nemi izininka ba a wannan ma, kuma amsarka ba za ta iso kafin jibi ba. In laifi ne, ka haɗa da na farko.

Ba na ce ka yafe mini yanzu ba. Ka dai aiko mini da kalma, ko ta faɗa ce.

Jikarka,
Dalya

Bulawayo,
4 ga Nuwamba, 1984

Gwaggo,

Ina gaishe ku. Mista Sibanda ya ce ya miƙa miki ƙunshin hannu da hannu, kuma kin rame. Me Zeida ya ce?

An yi baje koli ran Alhamis. Masu wasan kwaikwayo a damarmu, masu kiwon zomo a hagunmu, mu ga tebur ba komai sai kyandir da kwali. Da farko mutane burodi suke ɗauka su wuce. Wani ɗan aji biyu ya ce, “An sace muku kayan ne?” Na fara ba shi labari, ban kai ko'ina ba. Sai ga Selwyn, da ya yi kwana goma bai dube ni ba, ya zo ya tsaya, ya sa hularsa, ya karanta sunayen da ƙarfi: Leibe, Chaya, Dovid, Rivka, Hirsh. Ya ba da labarin tun daga akwati har almakashi, bai ɓoye cewa hannunsa ne ya ɗaura ba. Mutane suka matso har daga can wajen masu zomo. Sau huɗu aka sa shi ya maimaita, don mutane suna ta sabon zuwa.

Da aka watse Sihle ta tsaya. Ta ce ƙanin babanta ma an zo an tafi da shi bara, ba gawa, ba kabari, kuma a gidansu ba a kiran sunansa. Ta ce ko za ta iya rubuta shi a ƙasan kwalin. Na ba ta alƙalami. Ba zan ƙara komai a kan wannan a takarda ba.

Mutum ɗaya ya ƙaru, mun zama goma sha huɗu, saura ɗaya. Shugaban makaranta ya ce zai duba. Gaskiya yanzu ɗakin bai dame ni ba.

Gobe za mu fara jarrabawa. Ki rubuto, ko layi biyu ne.

Dalya

Bulawayo,
18 ga Nuwamba, 1984

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Kwana goma sha tara ke nan da aiko mayafin, ban ji komai ba. Kullum ina layin masu karɓar wasiƙa, har mai rabawa ta fara kau da kai in ta hango ni. In ya ce ba ya son ganina ne, ki faɗa, zan iya ɗauka. Shirun ne ba zan iya ba.

Dalya

Livingstone,
25 ga Nuwamba, 1984

Dalyale,

Ina miki fatan tsawon rai. Kin san wanda ake yi wa wannan gaisuwa a cikinmu, don haka ki nemi wuri ki zauna.

Baba ya rasu ran Laraba, goma sha huɗu ga wata, da hantsi, muka binne shi washegari. Shi ya hana a gaya miki sai kin ajiye alƙalamin jarrabawa. Na biyo da wannan ta hannun Malama Lazarus ta ba ki bayan takardar ƙarshe. Ki yi fushi da ni in kina so, na saba.

Ba zan yi miki kwaskwarima ba. Na karanta masa wasiƙarki, sau ɗaya na gyara murya, ya ce, “Koma baya.” Da na gama ya warware mayafin, ya ga farin tuntun, ya ce, “Sun tono Leibe.” Ya juya wa bango fuska. Kwana tara mayafin yana kan kujera bai taɓa shi ba, ni ma magana sai ta dole. Shi ya sa ban rubuto ba, ban da abin da zan ce miki da ba zai karya ki ba.

Sai wasiƙarki ta baje koli ta zo. Na karanta wa bayansa, tunda shi ya ba ni. Da na kai inda yaron nan ya kira sunaye, ya ce, “Da ƙarfi ya kira?” Na ce haka ta rubuta. Ya ce, “Mutum nawa?” Na ce ɗaruruwa. Sai ya ce shekara talatin da takwas ba wanda ya ji sunan Hirsh sai bangon ɗakin ajiya. Ya sa na sake karanta maganar ƙawarki, ya tambayi sunan mutumin, na ce ba ki rubuta ba, ya ce kin yi hankali.

Ya ce in miƙo mayafin. Ya kama sabon tuntun ya kai kusa da ido, yana bin naɗin da farce, bakwai, takwas, goma sha ɗaya, goma sha uku. Ya ce, “Ɗan wa ya ɗaura?” Na faɗa masa. Ya ce, “Uban ba ya iya ƙulla takalminsa, amma ɗan ya iya.” Na ɗaga shi zaune, ya yafa, ya yi albarkar yafa mayafi, ya yi addu'ar safe a cikinsa. Kwana huɗu yana yi. Na gaya masa saura mutum ɗaya ku cika, ya ce, “Su rubuta Leibe mana, ai ya je taro.”

Da ƙyar muka tara maza Yahudawa goma da ake buƙata don jana'iza, uku daga Lusaka, har da wani baƙo da aka kamo a otal da gajeren wandonsa. Tunda mayafin ya koma mai tuntu huɗu, dole a sake yanke ɗaya. Baba ya riga ya bar wasiyya, ya sa na maimaita masa sau biyu don kada in ɓata: a yanke ɗaya daga tsofaffin ukun, kada a taɓa na yaran. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa wa masu shirya shi, haka kuma aka yi. Da ƙullinku ya tafi.

Abin da kika ji yana motsi a ambulan ɗin nan, zaren da ya yanke ne a 1946. Yana cikin gwangwanin tabarsa duk shekarun nan, ni ina share ƙurar gwangwanin ban taɓa buɗewa ba. Ya ce, “Ki ba Dalyale, ta sa a teburin nan nasu baɗi, tebur ba ya zama ba komai.” Na ce baɗi kina Perth. Ya ce to ki bar wa ɗan mai majami'a da yarinyar nan mai ƙirga. Kin nemi kalma ko ta faɗa ce, ga ta nan.

Ki taho da alkukan Chaya, ina so in kunna su ran Juma'a. Zan jira ki a tasha ranar biyar ga Disamba. Ni kaɗai zan zo, kada ki tsaya dube-dube.

Gwaggonki,
Beryl